Masu Sa Baki a Ɗinkin Kare

A Wudil yarinya za ta iya tsinto ragowar atamfa da shadda a shagon tela, ta harhaɗa su, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa shafi a baya, ta bi hawa ukun da allura, ta rataya a bango, babu mai ɗaga kai. Amma ranar da ta yanka baƙin ƙyalle ta fitar da surar kare a tsakiya, to ta kira taro ba tare da ta raba goro ba. Ga mahalarta.

Na farko Yaya Ustazu. Ko zama bai yi ba zai ce, "Ke, ba ki san mala'ikun rahama ba sa shiga inda kare ko hoto yake ba? Ke kuma kin haɗa biyun wuri ɗaya!" Sai Kawu, wanda ya yi karatun zaure, ya gyara murya ya ce a Malikiyya hukuncin sura marar inuwa daban yake da na gunki. Ustazu ya ce ai audugar ta sa karen ya yi tudu. Nan za a aiki yaro ya kawo tocila, manya biyu su durƙusa suna neman inuwar kare.

Sai Gwaggo gwana. Ita ba ta kallon gaba, baya take juyawa ta ga ƙullin zare. "Hm. A zamaninmu dawisu da furanni ake ɗinka wa zanin gadon amarya, kuma ba ka gane ciki da bai." Miƙa mata allura ki ce ta nuna miki, za ta tuna ta bar tabarau a gida.

Akwai maƙwabci mafarauci, wanda aka kai wa aikin zaure don ya sa albarka. Ɗinki bai dame shi ba, karen ne bai yi masa ba. "Wannan ai na Turawa ne, dubi tumbi! Na farauta ƙugunsa siriri, ƙafafu dogaye. Wannan ko gurgun zomo ba zai kamo ba."

Kaka kuwa zai matsa audugar da yatsa ya ce, "Amaryata, ai lifidi kika yi." Daga nan sai tarihi: yadda ake cusa audugar rimi a tsakanin yadi a ɗinke, a lulluɓe doki da mahayinsa don kibiya, yadda aka ce Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya hau gado wajen 1390, shi ya kawo shi, da yadda har gobe 'yan lifida ke fita a Hawan Daushe. Gaskiya yake faɗa, sai dai wadda ta zauna saurare da hantsi kiran la'asar ne zai cece ta.

'Yar jami'a, wadda ke karatu a Jami'ar Aliko Dangote nan cikin gari, ita ce kaɗai za ta yi guɗa. Za ta ce a Amurka har gasa ake yi ta irin wannan ɗinki, ta ɗauki hoto ta ɗora a Instagram, ta rubuta "aikinmu". Ko zare ba ta taɓa zura wa allurar ba.

Dillaliya lissafi take yi da baki: kuɗin zare, kuɗin auduga, kwanakin da aka ɓata. "Da hula kika ɗinka, 'yar nan, da tuni kin karɓi kuɗinki ranar Juma'a. Wa zai sayi kare a kasuwar Wudil?" Tana kaiwa bakin ƙofa sai ta juyo: "Amma kawo in taimake ki, in ba ki kuɗin zarenki."

Na ƙarshe Baba, dillali a Kara, wanda ya yini cikin ƙura tsakanin shanu da motocin da ke lodi zuwa Kudu. Shi ba ya kushe aikin 'yarsa. Zai tsaya ya ƙare wa bangon kallo, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Maraƙin nan ya yi kyau, sai dai a ƙara masa dusa."