Ƙuri'ar da Na Roƙi Allah Ya Kayar da Ni

Kakana maharbi ne. In rani ya tsaya, adakarsa kawai yake saɓawa, ya yi wa karnuka fito, kafin la'asar gada tana rataye a ƙofar zaure. Wannan labarin na yi ta zuba wa wani Bature abokin aikina a Denba, har da ƙarin gishiri, sai ya ce to jikan maharbi, bana mu nemi izinin harbin elk a Wayomin. Elk wata irin barewa ce mai ƙaho rassa-rassa, namijin kan kai kilo 300. Na ji kilo 300, na hango kilishi, na ce a tafi.

Abin da ban sani ba, a yammacin Amurka daji ma layi ake bi. Masu son harbi sun fi dabbobin yawa, saboda haka hukuma ke ƙayyade takardun izini, ta raba su ta hanyar ƙuri'a. A Kolorado inda nake, tun 2018 sai sunanka ya fito kake biyan kuɗin takardar. Na ɗauka haka abin yake ko'ina. Ashe Wayomin kuɗi hannu take karɓa, cif, tun ranar da ka cike fom. In ka faɗi a maido maka. An rubuta wannan ɓaro-ɓaro a shafin, ni ne dai na karanta da idon mai jin yunwa.

A watan Janairun 2024, ana gobe za a rufe, na zauna gaban kwamfuta da kofin shayi. Elk ga baƙon jiha dala 692, da dala 15 ladan fom. Na danna. Can ƙasa na ga ragon dutse, mai ƙaho a murɗe kamar gammo, dala 3,000 da 'yan kai. Na ce ai gwaji ne, kuɗin nan ba yanzu za a taɓa su ba. Na danna shi ma. Shayin bai huce ba waya ta yi ƙara: banki na sanar da ni sama da dala 3,700 sun yi ƙaura. Kuɗin jirgin da muka shekara biyu muna tarawa don mu yi Babbar Sallah a gida.

Uwargida ce ta fara ganin saƙon a tata wayar, don asusun na haɗin gwiwa ne. Ta zo ta tsaya a kaina da ludayi a hannu.

"Baban Abba, caca ka fara?"

Na ce ba caca ba ce, ƙuri'a ce, kuma za a dawo da kuɗin.

"Yaushe?"

Na ce a watan Mayu.

"In ka ci fa?"

Nan bakina ya mutu. Sai a lokacin lissafin ya zauna mini: in na ci, kuɗin sun tafi ke nan, kuma ba rago za a kawo mini a daure ba, izini ne kawai na in hau duwatsu in neme shi. Ni da hawa bene biyu ke sa ni haki. Bindiga ma ba ni da ita.

Babbar matsalar kuwa, da safiyar ranar na riga na kira Inna na ce ta taya ni addu'a, na shiga wata ƙuri'a. Inna ba ta wasa da irin wannan. Kafin azahar ta sa an toya waina an raba wa almajirai. Dole na sake kiranta.

"Inna, addu'ar nan a juya ta. A roƙa mini faɗuwa."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Wainar mudu uku na yi." Da na yi mata bayani, abin da ya tsaya mata ba faɗuwar ba ce, farashin ne. Ta ce da kuɗin ragon nan ɗaya sai a yi wa unguwarmu layya har a aika wa maƙwabta.

Wata huɗu ina zaman ɗar-ɗar. Abokin nawa yana ta kwantar mini da hankali, wai a ƙuri'ar elk kashi 75 na takardun masu tara maki shekara da shekaru ake ba wa, kashi 25 kacal ake jefawa a faifai, na rago kuwa baƙi ushiri kawai ake ware musu. Shi jaje yake mini, ni ina hamdala a zuci.

Mayu ta zo, na buɗe shafin hannu na rawa. Na faɗi duka biyun. Na yi kabbarar da ta sa Abba ya fito da gudu. Kuɗi suka dawo, ban da ladan fom da kashi 2.5 na cajin kati, sama da dala 120. Tikitin jirgi kuwa ya riga ya tashi, Sallah a Denba muka yi ta, da rago na gona mai ladabi. Inna ta ce ita dama ta san addu'arta ba ta faɗuwa ƙasa.

Da kaka ta yi, Baturen nan ya ce in sayi makin elk ɗaya, dala 52, don baɗi. Na saya. Uwargida ba ta sani ba tukuna. Wanda ya haɗu da ita a gidan suna, don Allah ya rufa mini asiri.