Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Lagireto

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya kamaci mai zama a gaban mota, inda iska ta fi kaɗawa, ina fatan ka huce. Hucewa ta gaske nake nufi, domin jiya da daddare, tsakanin Bimbilla da Salaga, ko bonet ba ya taɓuwa saboda fushinka.

Ka san abin da ka aikata. Mun baro Yendi lafiya lau, buhunan albasar Bawku jibge a baya, sai allura ta miƙe ta faɗa cikin ja, ka hau huci. Na jira ka sauko, don duk mai son fuskarsa ba ya buɗe marfinka da zafi. Na naɗe hannu da tsumma, na murɗe, na haska tocila. Ƙarfe zalla, ga tsatsa ja wur a wuyanka, ko danshi babu. Jarkar da na ɗura maka a Yendi fa, ranka ya daɗe, ina ta shiga?

Ba shan ruwan ne ya dame ni ba. A watan Maris zafin Bawku kan haura digiri 40, kowa ma sha yake yi. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ka sha, ka goge baki, ka ce ba ka gani ba. Kuma ba yau ka fara ba. Na taɓa shimfiɗa kwali a ƙarƙashinka ya kwana, da safe na ɗauke shi a bushe. Na matse tiyon sama da na ƙasa, babu tsaga. Famfon ruwa ba ya hawaye, fambel a ɗaure tamau. Aka ce marfi ne, wai shi ke riƙe matsi ya hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Na aika Suame a Kumasi aka kawo sabo. Marfi bawan Allah ya yi aikinsa, kai kuwa ko gezau. Tamostat ma tun wurin mai motar na farko aka cire shi aka jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne, kuma ban ga sanyin da cirewar ta jawo ba.

Hidima kuwa wace iri ce ba ka gani ba? An ba ka garin taba. An fasa maka ɗanyen ƙwai. Wani ɗan kamasho a tasha ya rantse da sabulu, shi ma ka lanƙwame. Batir yana da nasa laifin, ƙofar baya ma da igiya take rufuwa, amma su ba su taɓa kwanar da ni a daji ba.

Yau da safe wani bakanike a nan Salaga ya tona asiri. Inji na sanyi ya cika ka har wuya, ya bar marfi a buɗe, ya ce wa yaronsa ya tayar. Muka sunkuya muna kallo. Sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, aka taka mai ta ƙara yawa. Ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa: farin hayaƙi mai kauri, hannun ya jiƙe sharkaf. Ya kwance fulogai, uku baƙi ƙirin, ɗaya fes, tururi ya wanke shi tas. Cikin marfin baƙin mai kuma wani farin maiƙo ya daskare. Ya goge hannu a wando ya ce, “Alhaji, gasket ta ƙone. Ruwan cikin silinda yake shiga, ya fita ta baya. Sai an sauke kan inji an kai Tamale an goge shi, in bai tsage ba.”

Na san abin da za ka ce: to ai ka ji, ba ni ba ne. Kai, rufe mini baki! Wa ya ƙona gasket ɗin? Ranar da muke hawan dutsen Nakpanduri da giya ta ɗaya, inji na kuka, wa aka ajiye don ya sanyaya shi? Bakaniken ya shafa jikinka bayan inji ya ɗauki zafi, gefe na ƙuna, tsakiya sanyi ƙalau. Rabin bututunka a toshe, ruwa ba ya ratsawa, kana zaune a gaba kana shan iska kai kaɗai. Kan inji na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Kuma kar ka soma kawo mini zancen wai ruwan rijiya ne ya tara maka ƙasa da tsatsa, wai kai sai koren ruwan gora. A Gushegu da tsakar rana zan samo maka shi?

Ka ma san garin da ka zo ka kunyata ni? Salaga ce, garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi saboda wuyar ruwa. Kafin yaƙin 1892 ya watsa kasuwar, fatake daga Kano suke tasowa, wata da watanni a hanya, su zo sayen goron Gwanja a bayan jakai. Jaki ba shi da fanka, ba shi da marfi, kuma in ya sha ruwa kowa ya san inda yake fita.

Albasa dai ta kwana a hanya, mai ita yana ta buga mini waya, ga kuɗin aiki da aka yanka mini da sidi, wanda ba zan rubuta a nan ba don kar uwargida ta gani. Gobe za a ciro ka, a farke dalmarka, a zura ƙarfe cikin kowane bututu. In bayan wannan allura ta sake wuce rabi, na riga na yi magana da yaran da ke sayen tagulla. Da kilo suke aunawa, kuma sun ce har da tsatsar za su karɓa.

Naka, wanda har yanzu hannunsa ke warin albasa da baƙin mai,
Wani direba, daga Salaga