Sirara Masu Neman Ƙwanji, Kowa da Tasa Hanyar

Tun da ɗaga ƙarfe ya zama yayi a Kano da Kaduna da Zariya, da wuya ka ratsa unguwa bayan la'asar ba ka ji nishi da ƙarar ƙarfe ba. Masu hali suna biyan kuɗin wata a jim mai iyakwandishan. Marasa hali sun cika gwangwanayen fenti da siminti, sun soka bututu a tsakiya, sun kafa sansani a kango. Ko'ina ka leƙa kuwa sai ka tarar da siriri, wanda Allah ya halitta ba auki, yana so ya zama ƙato kafin babbar Sallah. Tambayarsu ɗaya ce: wai sai an ƙara furotin kafin ƙwanji ya fito? Amsar da kowa ya ba kansa ita ta raba su gida-gida.

Akwai Mai Gwangwani. Shi wannan ya yi imani cewa ƙwanji a cikin roba ake sayar da shi, mai hoton wani Bature da jijiyoyi suka yi masa ruɗu-ruɗu. Ya tara kuɗin wata biyu ya sayi garin furotin, ya ajiye shi a saman sif, inda ƙannensa ba za su ɗauka Bournvita ce ba. Don ya haɗa kuɗin kuwa sai da ya daina cin abincin rana. Da za ka gaya masa cewa garin nan ruwan da ke tsatsowa ne idan ana yin cuku da madarar shanu, aka tace aka busar, sai ya ce hassada kake yi. Garin ba guba ba ne, kuma yana aiki. Amma ludayinsa ɗaya giram 20 zuwa 25 ne na furotin, wato abin da ke cikin ƙwai huɗu, waɗanda mai shayin bakin layinsu zai soya masa har da albasa da attaruhu.

Maƙwabcinsa a benci shi ne Mai Ɗanyen Ƙwai. Tun da ya ga Sylvester Stallone a fim ɗin Rocky na 1976 yana fasa ƙwai a kofi yana ɗaɗɗaka, ya ɗauki abin ibada. Da asuba zai fasa uku a cikin lemon malt, ya toshe hanci, ya runtse ido, ya haɗiye, sannan ya wuni yana gyatsar ƙarni a sahun salla. A ganinsa wuta tana kashe ƙarfin ƙwai. Masu bincike sun auna sun ga akasin haka: jiki yana amfana da kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai. Ga kuma ƙwayar salmonela, wadda in ta kama mutum, ɗan naman da ya tara a wata guda a banɗaki zai bar shi.

Sai Oga Koci. Babu wanda ya naɗa shi, ƙirjinsa ne takardar shaidarsa. An haife shi da ƙashi mai kauri, babansa ma haka yake ba tare da ya taɓa ɗaga ko galan ba, amma shi a wurinsa duk sirrinsa ne.

"Oga, ni fa wata shida ke nan, hannun nan ya ƙi motsi," in ji wani siriri.

"Yaro, ba ka lodi ne. Kaza guda kullum. Kuma in ka ajiye ƙarfe, kada minti talatin ta wuce ba ka sha garinka ba, in ba haka ba aikin ranar ya tashi a banza."

Kaza guda kullum, ga wanda kuɗin adaidaita ma sai ya yi lissafi! Gaskiyar magana, Oga yana da rabin gaskiya. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin fiye da mai zaman majalisa. Abin da likitoci suka ƙayyade wa baligi na yau da kullum shi ne giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai neman gina tsoka kuwa kusan ninki biyu yake so. A 2018 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin 'yan Jami'ar McMaster ta Kanada, sun tattara bincike 49 da aka yi a kan mutum 1,863, suka ga cewa amfanin ƙarin furotin yana tsayawa ne a wajen giram 1.6 a kowane kilo. Abin da ya haura haka, ba wani ƙarin tsoka da suka gani. Kuma duk ribar da masu shan ƙarin suka ci a kan waɗanda suka yi atisaye kawai, a matsakaici kimanin giram 300 ce ta naman jiki. Sauran duk ƙarfen ne ya yi aikin. Batun minti talatin kuma, abin da ka ci a yinin gaba ɗaya ya fi agogo muhimmanci nesa ba kusa ba.

To a yi lissafi. Saurayi mai kilo 55 yana neman giram 88 ke nan a yini. Busasshen wake giram 100 yana da kusan 23. Gyaɗa giram 100 tana da kusan 25. Waken suya, uban awara, ya haura 35. Ƙwai ɗaya 6, rabin litar nono kusan 16. Shi kansa geron fura yana da kusan 11 a kowane giram 100. Wanda ya karya da ƙosai da kunun gyaɗa, ya ci garau-garau mai yawan wake da rana, ya sha fura da nono da yamma, ya haɗa tuwon dare da ƙwai biyu ko awara, ya isa inda ake so ba tare da ya san sunan ko gwangwani ɗaya ba. Ƙuli-ƙulin da ake rainawa, da yake an matse mansa, ya ma fi gyaɗar furotin.

Mai Madubi ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗagawa biyu, hoto goma sha biyu. Ya fi kowa sanin inda hasken fitila ke faɗowa a jim, kuma rigarsa ta ƙaninsa ce. Ƙwanjinsa yana TikTok, bai iso gida ba tukuna.

Wanda ba ya ba ni dariya sosai shi ne Ɗan Sha-ka-fashe. Haƙurinsa ya ƙare, wani ya raɗa masa cewa akwai 'yan ƙwayoyi a kemis, masu araha, da ke cika mutum cikin mako uku. Ya kuwa cika. Kumatu sun yi ɓul-ɓul, wuya ya haɗe da kafaɗa, 'yan majalisa suna ta "Alhaji, an samu duniya!" Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi deksametason ne, maganin da likita ke bayarwa don kumburi da asma da makamantansu. Ruwa da kitse yake tarawa a fuska da ciki, tsokar hannu da ta cinya kuwa cinye ta yake yi, wato daidai abin da aka fita nema. Yana kuma tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana sha, ko dainawa ba a yi farat ɗaya sai da likita. Ɗan'uwansa mai allurar sitiroyid shi ƙwanjin yana fitowa da gaske, sai dai 'ya'yan maraina suna ƙanƙancewa, ƙwayar haihuwa ta ragu. Ranar da amarya ta tare, ba damtse za a tambaya ba.

A gida kuma akwai Hajiya, wadda ba ta taɓa shiga jim ba amma tana da fatawa. "Kai ɗan nan, wane irin furoti? Tsutsar ciki ce ke shanye ka, in ba ita ba shawara. Kuma wannan ɗaukar ƙarfen banza, so kake gwaiwa ta sauko maka?" Kada a yi saurin yi mata dariya. Siranta ta gado daban, rama daban. Wanda yake ta zubewa alhali yana ci, ko yana tari da zufar dare, ko yawan ƙishi da fitsari, asibiti ya kamata ya nufa a duba tarin fuka ko ciwon sukari, ba kangon ɗaga siminti ba.

Can gefe, Baba mai goro yana kallon su duka yana girgiza kai. Hujjarsa ba ta canzawa: Shago ɗan dambe bai sha gari ba, 'yan kokawar Nijar masu ɗaukar takobi ba su sha ba, ɗan dakon kasuwar Dawanau da ke saɓa buhun masara mai kilo 100 ya hau katako da shi har cikin tirela bai ma taɓa jin kalmar ba. Baba bai yi ƙarya ba, sai dai ya manta bai faɗi girman kwanon da ɗan dakon ke zama a gabansa ba.

Wannan ya kawo mu ga mafi yawansu, kuma mafi taurin kai: Wallahi Ina Ci. Shi dai rantsuwa ce makaminsa. "Wallahi ina ci, jikin ne ba ya karɓa. Ni ko sa guda na cinye haka zan tashi." Bi shi yini ɗaya ka gani. Ya tashi ƙarfe goma, ya kurɓi shayi da yankan burodi biyu. Da rana ya shagala da waya, aka sha lemon kwalba da biskit. La'asar ya ɗaga ƙarfe awa biyu da cikin wofi, ya buga ƙwallo har magariba. Da dare ne zai zauna gaban indomi biyu da ƙwai, ya ci har ya yi gumi, kuma wannan zaman ɗaya shi yake tunawa idan yana rantsuwa. Sannan ya kwana yana cat har ƙarfe biyu. Jikin da bai samu isasshen abinci ba, duk furotin da aka zuba masa ƙona shi zai yi ya yi makamashi, kamar magidancin da itace ya ƙare masa ya shiga fasa ƙyauren ɗaki. Abin da wannan bawan Allah ke buƙata shi ne ƙarin kalori 300 zuwa 500 a yini bisa abin da yake ƙonawa, da nauyin ƙarfe da ke ƙaruwa sannu a hankali, da barcin awa bakwai zuwa tara. Ko ya cika duk waɗannan, sabon shiga da wuya ya tara tsokar da ta wuce kilo ɗaya a wata, kuma faɗin kafaɗa da kaurin ƙashi na gado ne, ba a sayar da su.

Don haka, ɗan'uwa siriri, kafin ka kai kuɗinka wurin mai gwangwani, nemi mai sikeli ka hau sau ɗaya a mako, da safe kafin ka karya. In wata ya cika allurar ba ta gusa ba, ka daina rantsuwa, ka ce a ƙaro maka wake.