Wasiƙa Zuwa Ga Famfon Tsakar Gidanmu

Zuwa ga mai alfarma, ma'abocin dogon wuya da gajeren alkawari, Famfon tsakar gidanmu. Gaisuwa mai yawa, tare da tambayar lafiyarka da ta bututun da ke bayanka har zuwa matatar da ta aiko ka.

Amma ba'adu, dalilin wannan takarda shi ne abin da ka aikata yau da asuba, yayin da, bayan doguwar halwar da ka shiga ba tare da ka yi wa kowa sallama ba, ka yi tari, ka yi kaki, sa'an nan ka tofa mini wani abu mai launin kunun kanwa a cikin butar da na tara domin alwala. Wannan na yafe, domin maƙiyin da ya bayyana kansa ya rage mugunta. Abin da ban yafe ba shi ne washewar da ka yi da hantsi, ka fito garai-garai, har uwargida ta cika randa, yara suka yi ta kai moɗa baki suna sa maka albarka.

Na san hujjarka, domin tun muna zaure muka karance ta a Ishmawi da Risala: ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, mai tsarki ne, mai tsarkakewa. Malamai sun yi gaskiya, Allah ya saka musu da alheri, sai dai babin da suka buɗe na ɗahara ne, kai kuwa ka ɗauki fatawar alwala ka laɓe a bayanta kana shiga cikin 'ya'yan mutane, alhali ƙwayoyin cutar kwalara da na taifot ba sa sauya ko ɗaya daga cikin siffofin nan uku. Wani ɗan'uwanka da ke titin Broad a birnin Landan, mutane har yabon daɗin ruwansa suke yi a shekarar 1854, ga shi kuwa ramin masai na yoyo dab da rijiyarsa, sai da annoba ta kwashe ɗaruruwan rayuka kafin likita John Snow ya sa hukuma ta cire masa mariƙi. Kai ba ka da mariƙin da za a cire, tun da ɓarayi sun riga hukuma.

Kada ka rantse mini da tsarkin matata. Na bi sawunka da ƙafata, na ga inda bututunka ya kwanta tsamo-tsamo cikin kwata, an ɗaure masa rauni da tsohuwar robar taya. Muddin ruwa na tafe da ƙarfi, kai ne kake tsiyaya cikin kwata; da zarar an ɗauke, bututu ya zama fanko, kwata ce take tsiyaya cikinka, kuma abin da ka zuƙa a lokacin halwa shi kake fara kawo mana tsaraba.

To, wa ya taɓa gwada ka? Wa? Tun da aka kafa ka a gidan nan ban ga wanda ya zo da kwalba ba, sai mai takardar kuɗi, shi kam ko ranar Salla ba ya ɓatan hanya. Aikin kuma bai kai ya kawo ba: a ɗebi mililita 100 a tsarkakakkiyar kwalba, a tace, a kwantar da matatar cikin ɗumin digiri 44 yini da kwana, a ƙirga abin da ya tsiro. Ana neman wata ƙwaya ce mai suna E. coli, wadda mazauninta hanji ne, saboda haka ganinta a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya ratso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sami ko guda, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ma haka ta ce. In an ce ɗakin gwaji ya yi nisa, tun 1982 masana a Indiya suka fito da 'yar takardar da ake jefawa cikin kwalba, ruwan ya yi baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu in da ƙazanta. Ko sauran kulorin da ya kamata ya iso bakinka, miligiram 0.2 a kowace lita, minti kaɗan ya isa a auna shi. Wannan ne ya gagari iyayen gidanka?

A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu a Arewa. Ban ɗora maka alhakin duka ba, domin rijiya da jarkar ɗan garuwa suna da nasu kason, kuma wasiƙunsu na tafe. Zancen tsatsa da zuwan ƙarfe biyun dare kuwa na bar su sai wani jiƙon.

Ka isar wa waɗanda suka aiko ka cewa muna son a gwada ruwa a nan bakinka, inda muke sha, a manna sakamakon a ƙofar mai unguwa kowa ya karanta. Kafin nan hukuncinka tafasa ne, kuma kuɗin gawayi daga kuɗin wata zan cire. Haza wasalam.

Naka mai biya, ba mai sha ba.