Taƙaitaccen Bayani Kan Yadda Fasaha Ta Inganta Jiran Mota a Madarunfa

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, tafiya daga Madarunfa zuwa Maraɗi kashi biyu ce: zama da motsi. Motsin bai taka kara ya karya ba, tunda tsakanin bai kai kilomita 30 ba. Zaman shi ne ainihin tafiyar, kuma a kansa fasahar zamani ta yi aikinta.

Tushen ilimin tasha ƙa'ida ɗaya ce: mota ba ta tashi sai ta cika. Cikar kuwa ba injiniyoyin Japan da suka ƙera Hiace ke yanke ta ba. Wannan hurumin ɗan kamasho ne, wanda a lissafinsa "saura mutum ɗaya" kan ɗauki mutum shida, buhun gero da akuya.

Fa'idar fasaha ta farko, salula. A da fasinja kan yi jira cikin duhun kai. Yanzu yakan kira direba ya ji daga bakinsa cewa yana tafe, yana kuma jin ƙarar cokali a kofin mai shayi. Samun bayani biyu a kira ɗaya ci gaba ne babba.

Ta biyu, taswirar waya. Amurka ta harba taurarin GPS sama da 24, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,000, domin mazaunin kujerar baya ya duba shuɗin ɗigo ya tabbatar motar tana inda take tun hantsi. Kakanninmu zato kawai suke yi. Mu muna da hujja.

Ta uku, aiken kuɗi. Ɗan kasuwa kan tura jarinsa ta Nita ko Amana, kuɗin su isa Maraɗi kafin ya gyara zama. Ta haka rabin mutum ya sauka lafiya, ya rage gangar jiki kawai.

Mai jayayya zai ce, ai kabu-kabu ya fi sauri. Amsa: babur da mutum uku ya cika, saboda haka babu jira a cikinsa, abin da babu jira kuwa ba ya cikin wannan fanni.

Barazanar gaske tana tafe ne daga kudu. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Ɗabi'ar jirgin ƙasa ita ce tashi da agogo, ko ya cika ko bai cika ba. Wannan almubazzaranci ne da kujeru, kuma zai raba jama'a da gaisawa, cinikin ƙosai da sallar Azahar cikin jam'i a tasha.

Hukunci: fasaha ta warware duk matsalolin sufuri in ban da tashin mota. Don haka mai niyyar Maraɗi ya cika batirin wayarsa, ya riƙe guzuri, kuma in da hali ya zo da mutum ɗayan nan da ya saura.