Gadon Mawaƙi da Mai Tura Waƙa

A ƙasar Misau da Katagum, rabon gadon mawaƙi ba ya cin lokaci. Malam zai zauna a zaure, a fito da manyan riguna, da rediyo, da babur ɗin da wani ɗan takara ya bayar lokacin kamfe, a yi wa kowanne kuɗi. Kalangu kuwa kuɗin fata da ice ake yi masa. A cire tumunin mata, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, a shafa fatiha. Waƙoƙin da mamaci ya shekara arba'in yana tsarawa ba sa shiga lissafi, domin a wurinmu abin da ba a ɗaure shi a turke ko a auna shi da igiya bai cika dukiya ba. Amma fa waƙoƙin suna da magaji. Yana tashar motar Azare ƙarƙashin laima, da kwamfuta da lasifika, yana tura wa direbobi su a memori. Bai haɗa jini da mamaci ba, ko gaisuwa bai zo ba, shi ne kuma ya fi kowa kaso.

Abin dariyar shi ne doka tana bayan iyalin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce waƙar da mutum ya tsara tasa ce da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa, muryar da aka naɗa kuma tana da kariyar shekara 50. Sai dai kotu hujja take nema: wa ya tsara, wa ya naɗa, wa ya biya kuɗin situdiyo, a kan wane sharaɗi? Mu kuwa yarjejeniyarmu musabaha ce da "Allah ya sa albarka". Mamman Shata ya rasu a 1999, har yau ba wanda zai dafa Alƙur'ani ya faɗi adadin waƙoƙinsa, kuma sai da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka sha yawo kafin su haɗa littafin tarihinsa a 2006. In haka ta faru da Shata, ina ga mai algaitar fada da ba a taɓa kai shi rediyo ba?

In ka ce mawaƙi ya bar komai a rubuce, za a ce rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Mawaƙin da kowane baiti sai ya tuna wa attajiri cewa duniya ba matabbata ba ce, shi ne in ka miƙa masa biro da takarda zai ce kana yi masa mugun fata. Cutar ma ba tamu kaɗai ba ce. Prince, mawaƙin Amurka, ya mutu a 2016 bai bar wasiyya ba, mutuwar ba ta fasa zuwa don haka ba, danginsa kuma suka shekara shida suna ciyar da lauyoyi. Masu ɗan karatu za su ce ai shari'a ta riga ta raba gado, wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce a taɓa wannan. Amma alƙali abin da aka ajiye gabansa yake rabawa, ba shi da hanyar sanin wanda aka ba ainihin kaset ajiya a Kano. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, umarnin rubuta bashi ta ƙunsa. Muna karanta ta a tarawihi da murya mai daɗi, gari na wayewa mu koma musabaha.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce an riga an biya mawaƙi tun yana raye: an yi masa liƙi a biki, sarakuna sun ba irin su Ɗanƙwairo dawaki da riguna, saboda haka waƙa ta zama ta jama'a. Da can maganar tana da ƙafa, domin mai son ji sai ya je inda ake kiɗan. Yanzu waƙar tana YouTube, talla tana biyo ta, kuɗin tallar kuma asusun wani suke faɗawa. In ta jama'a ce, me ya sa mutum ɗaya ke karɓar albashinta? Iyalin Fela, da ya rasu a 1997, sun riƙe nasu: bikin tunawa da shi duk shekara tun 1998, gidansa na Ikeja kuma ya zama gidan tarihi a 2012. Namu magadan sai ranar da aka ce musu intanet da dala take biya za su tuna Baba fasihi ne. Ranar za ka ga zaure ya cika da 'ya'ya da jikoki, har da ɗan amshin da aka kora tun zamanin Shagari, yana rantsuwa shi ya ba marigayi rabin baitocin.