Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Buhu

Zuwa ga Mai Girma Buhu, sarkin sito, mai hawa tirela ba tare da ya taka tsani ba.

Gaisuwa mai yawa, da fatan an sauke shi lafiya. Mai wannan wasiƙa ya yi ta neman adireshin Mai Girma har aka ce masa ya huta: ya je kasuwar Dawanau da hantsi, zai same shi zaune daram a kafaɗar wani ɗan dako. Haka kuwa aka yi. Ga shi nan cike da masara, kilo 100 ko kusa da haka, mai ɗauke da shi yana hawan katakon da aka jingina a bayan mota, ƙafa na rawa, jijiyar wuya kamar za ta tsinke. Ƙaninsa na siminti ya fi shi kunya, kilo 50 kawai yake. Ɗan'uwansu na Ingila kuwa ya rame har ya koma kilo 25, kuma har yau ana gina gidaje a can.

Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Da alama takardar ba ta iso fadar Mai Girma ba.

Ƙorafin dai a kan ƙugu ne. Ƙasusuwa 5 ke riƙe da ƙasan baya, tsakaninsu akwai wasu faya-fayai masu taushi da ke aikin matashi. Idan mutum ya sunkuya ya ɗago nauyi, ya kuma murɗa jikinsa a lokaci guda, faifan yakan kumbura ko ya fashe ya danne jijiya, sai zafi ya gangara ta ɗuwawu har zuwa yatsun ƙafa. Abin da ya sa Mai Girma yake tsira kullum shi ne wannan rauni ba ya jini. Wanda inji ya datse wa yatsa, kowa shaida ne. Wanda ƙugunsa ya ce ƙas, sai a ce sanyi ne ya kama shi, a shafa masa man zafi, wanzami ya kafa masa ƙaho, mai gida ya miƙa masa kuɗin allura ya ce Allah ya sawwaƙe.

To, a nan lauyoyin Mai Girma suke cin kasuwarsu, kuma babu gwani a cikinsu kamar kalanda. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cewa ya ji rauni. Shi kuma mai gidan yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar NSITF, mai kula da asusun diyyar. Takardar neman diyya tana da shekara 1, sai in akwai ƙwaƙƙwaran uzuri a ɗaga ƙafa zuwa 3. Kwana 14 kuwa su ne daidai kwanakin da Bahaushe yake kwance a tabarma yana cewa gobe zai ware. Ranar da ya yarda cewa abin ba sanyi ba ne, babu takardar asibiti mai kwanan wata, babu wanda ya rubuta ranar da abin ya faru, abokan aikin da suka gani kuma suna tsoron bakin abincinsu.

Ita kanta dokar ba ta da rowa a rubuce. Ba ta ce sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin mai gida ba. Ya isa a nuna raunin a bakin aiki ya faru, har da hanyar zuwa aiki da komawa gida. Kuɗin asusun daga aljihun mai ɗaukar aiki yake fitowa, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya zaftare shi daga albashin ma'aikaci. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, ga kuɗin magani. Takardar da aka lallaɓa mutum ya sa wa hannu cewa ya yafe diyyarsa, banza ce a gaban doka. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba, ƙofar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a buɗe take, tana da reshe a Kano ma.

Har lebura mai aikin yini da wanda aka ɗauka da baki kawai, dokar ta lissafa su cikin ma'aikata. Sai dai ɗan dakon Dawanau yana sauke wa mutum biyar kaya kafin azahar, ana biyansa buhu-buhu. Wane ne mai gidansa a cikinsu? Wa ya taɓa rubuta sunansa a takardar albashi, balle a biya masa kashi 1? Mai wasiƙa yana zargin Mai Girma ya san wannan sarai, shi ya sa ya fi son kasuwa a kan masana'anta.

Saboda haka ana roƙon Mai Girma, tunda ba a taɓa ganinsa a kotu ba, ya yi wa talakawansa alfarma biyu. Ya rage ƙiba, ko ya yarda a riƙa tura shi a baro. In kuma hakan ya yi wa sarauta nauyi, ya bari a buga a jikinsa, kusa da sunan kamfani, da manyan haruffan boko da ajami: kwana 14.

Wassalam. Daga wani mai yi masa kallo daga nesa, hannu dafe da ƙugu.